Tablet Ɗin da Hagunsa Ya Koma Dama

Maman Biyu tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gida, da keken ɗinki, da teburin yanka, da madubi mai tsayin mutum. A kan teburin take jingine wani tsohon tablet, irin na'urar nan mai kama da babbar waya, da take nuna wa mata samfurin ɗinki a ciki. Da ya tsufa sai ya fara gardama. In ta taɓa hoto, sai ta gama sa zare a allura kafin ya buɗe. Daga baya manhajojin suka ƙi buɗewa sam, kowacce na cewa a sabunta ta, shi kuma ya ce ba zai iya ɗauka ba.

Ƙanwarta Auta, mai aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti can nesa, ita ta kawo shawara ta waya.

"Yaya, kar ki jefar da shi. Babbar manhajar da ke tuƙa shi ce ta tsufa. Akwai wata ta kyauta, mutane ne kawai suka haɗu suka rubuta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Waccan za ki cire ki sa wannan."

"Kowa na iya buɗe cikinta? To ai gida ne ba ƙofa ke nan."

"Ba haka ba ne, Yaya. Zan turo miki bayani, bi kawai za ki yi."

Wata safiya da ba ta da aiki da yawa, Maman Biyu ta kwashe hotunanta zuwa kwamfutar mijinta, ta ture almakashi da alli gefe, ta ajiye na'urorin biyu kusa da juna. Baban Biyu, tsohon direba da ya yi ritaya, ya jawo kujera ya zauna, wai kallo kawai zai yi.

Bayanin ya ce a danne maɓallin kunnawa da na rage murya tare, a soka igiyar caja a daidai lokacin. Ta dubi hannayenta.

"Wanda ya rubuta wannan hannu uku gare shi?"

Baban Biyu ya karɓi igiyar. Suka yi ta gwadawa, ko ya riga ta ko ta riga shi, har ya ce ta riƙa ƙirga masa kamar masu tura mota. Can sai fuskar tablet ta yi baƙi ƙirin, ƙananan rubutu farare suka fara gudu sama kamar tururuwa.

"Ya lalace ne ko aiki yake?" in ji shi.

Maman Biyu ta ɗauko wayarta. Ta kira Auta.

"Ni ma fa ban taɓa yi ba, Yaya. Karantawa kawai na yi."

Maman Biyu ta ajiye wayar a hankali. Sai yanzu take faɗa!

Rubutun ya gaji don kansa ya tsaya. Tablet ya mutu, ya farfaɗo, sai ga sabuwar fuska mai launin shuɗi, tsaf da ita. Ta yi hamdala ta kai yatsa kan maɓallin da ke hagu. Na dama ya buɗe. Ta taɓa na dama, na hagu ya amsa. Ta goge yatsanta a zane ta sake. Haka dai.

"Juya shi," in ji Baban Biyu.

Ta juya shi, hoton ma ya juya ya bi ta.

"To kai shi gaban madubi. Madubi ai shi ke mayar da hagu dama."

Ta tsaya gaban madubin da tablet a ƙirji, tana kallon wata mata riƙe da wani tablet. Ta ɗaga hannun dama, matar ta ɗaga wanda ita ba ta san ko na wane ɓangare ne ba. Kanta ya fara juyawa, ta nemi kujera.

Ana cikin haka wata mai kawo ɗinki ta shigo, ta ce a nuna mata samfurin riga. Maman Biyu ta lallaɓa ta dawo da hotunan daga kwamfuta, ta miƙa mata tablet ɗin. Matar ta taɓa wadda take so a hagu, wata daban ta buɗe daga dama. Ta ƙura mata ido.

"Kin san wannan ma ta fi kyau? Ita za ki yi min."

Da yamma Auta ta turo adireshin wani zaure a intanet, inda masu irin wannan aikin ke taimakon juna. Maman Biyu ta rubuta matsalarta da kwamfutar mijinta. Wani mai hoton mujiya a madadin fuskarsa ya amsa. Ya ce ta haɗa na'urorin da igiya, ta buɗe wani fayil, ta nemi layi kaza, ta sa alamar ragi gaban lambar farko.

Layuka uku ta gani masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Ta zaɓi na tsakiya. Hagu da dama ba su dawo ba, sama kuma ta koma ƙasa. Ta cire alamar, ta sa a wani layin, ta manta ko ta cire ta farkon. Gwiwar hannunta ta danne madannai, wasu haruffa suka zubo, ta goge su, ƙila har da waɗanda ba nata ba. A nan Baban Biyu ya tashi zai wuce, ƙafarsa ta fizge igiyar.

"Shi ke nan, ka ƙarasa shi!"

Tablet ya mutu, ya kunna kansa. Ta taɓa hagu cikin fushi. Hagu ya buɗe. Ta taɓa sama, sama ta amsa. Hotuna na wucewa da sauri kamar ranar da aka sayo shi. Kyamarar ce kawai ke nuna fuskarta koriya shar.

Ta rubuta wa mai mujiya godiya, ta ce tablet ɗin ya gyaru. Amsarsa ta zo nan take. Ya ce irin wannan tablet ɗin ya daɗe yana ba su wahala, shawarar da ya ba ta ma canka kawai ya yi. Don Allah wane layi ta gyara, me ta rubuta a ciki? Wasu mutum biyu suka shigo da tambaya iri ɗaya.

"Ki gaya musu a cire igiya da ƙafa," in ji Baban Biyu.

Ta koma ta buɗe fayil ɗin, ta kasa gane abin da ta taɓa da wanda ta tarar. Ta rubuta cewa wallahi ba ta sani ba. Mai mujiya ya ce ba komai, ta kwafo fayil ɗin gaba ɗaya ta turo, su za su duba. Wannan kam ta iya. Ta tura, ta rufe kwamfutar, ta gargaɗi mijinta kada ya kuskura ya kashe tablet ɗin sai sun amsa, sannan ta ɗauko yadin matar nan ta fara aunawa.