Takardar da Ba Ta Ambaci Sana'a Ba

Alhaji Ousseini ne ya fara yin haka, a shekarar 2006, ranar da ɗansa ya kammala karatun injiniya. Ya tara mutanen Nijar mazauna Greensboro a farfajiyar gidansa da ke Pleasant Garden, ya ɗaga takardar shaidar ɗan nasa sama, ya ambaci sana'arsa da babbar murya, dattawa suka sa albarka. Tun daga ranar, duk uban da ɗansa ko 'yarsa ta gama jami'a, a nan yake tsayawa ya faɗi sana'ar. An ji likita, an ji mai haɗa magunguna, injiniya kuwa har sau biyar.

Bana layi ya zo kan Malam Soumaïla, mutumin Damagaram, wanda ya shekara ashirin yana tuƙa motar haya a garin. Saura kwana biyu walima ya kira 'yarsa Sakinatou falo.

"Wace filière, wane fanni, zan faɗa wa mutane?"

"Baba, ai na sha gaya maka. Makarantarmu ba sana'a guda take koyarwa ba. Na yi tarihi da falsafa, na yi lissafi da adabi, har da ilimin halittu. Koya mana aka yi mu karanta abu mu auna shi."

"Wato kasuwa kika shiga kina ɗanɗana kayan kowa. Me kika zama?"

"Kakana fa? Nahawu ya karanta, da manɗiƙi da balaga da hisabi. Wa ya taɓa tambayarsa abin da ya zama?"

"Kakanki yana da gona," in ji Malam Soumaïla. "Kada ki ƙara sa shi a bakinki."

Ranar Asabar, bayan la'asar, ya miƙe cikin babbar rigarsa ya ɗaga takardar. Ya dubi dattawan da ya sha ce wa 'ya'yansu amin, ya ce, "Lauya."

Aka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji Ousseini ya ce, "To, Malam, daga yau ko fitilar hanya ka karya ba ka da fargaba!" Aka yi dariya. Sakinatou ta sunkuyar da kai, ba ta ƙaryata mahaifinta ba.

Ba a gama raba shinkafa ba sai ga Hajiya Fourera, wata bazawara mai sayar da turare, ta ratso maza riƙe da ambulan. Takarda ce daga kotu, kan gidan da take haya.

"Allah ne ya kawo ki, 'yata. Na fasa neman lauyan Turawa. Ga tamu ta gida."

Sakinatou ta karanta takardar sau biyu. Ta fayyace mata abin da mai gidan yake nema da ranar da za a zauna, cikin Hausar da kowa ya gane. Sannan ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta. Ya kawar da fuska.

"Mama, zaman kotun ranar Alhamis ne, kuma in ba ki je da wanda zai tsaya miki ba, gidan zai iya kuɓuce miki. Ni ba lauya ba ce. Ranar Litinin zan raka ki wurin na gaskiya."

Malam Soumaïla ya ajiye takardar shaidar a kan kujera, ya nemi takalmansa.

Ga abin da kowa ya tashi da shi. Hajiya Fourera ta samu lauya a wani ofishi da ke titin Elm, tana nan a gidanta har yau. Sakinatou ta samu aiki a ɗakin karatu, da ɗaki guda a tsakiyar gari wanda ta koma ita kaɗai. Malam Soumaïla ya riƙe motarsa da matsayinsa a sahun farko na masallaci, da kuma gaisuwar 'yarsa ta kowace Juma'a, wadda wata bakwai ke nan bai amsa ba.