Warin Kifi a Ɗakin Hajja Rabi'atu

Hajja Rabi'atu ba ta jin kira sai an ɗaga murya, amma hancinta, tab, ko albasa aka yanka a maƙwabta sai ta sani. Shi ya sa da warin kifi ya fara cika ɗakinta kullum bayan azahar, ba ta yi wata-wata ba. A ƙauyensu na bakin kogi, kusa da garin Makwar, kifi ba abin ɓoyewa ba ne. To me zai sa Sawsan, matar ɗanta Sharfuddeen, ta riƙa soyawa ta cinye ita kaɗai, ta miƙo mata tuwon dawa da miyar kuɓewa?

Sharfuddeen yana can garin Kamlin wurin aikin gona, su biyu ne a gidan. Hajja ta shiga bincike. Ta buɗe tukwane ta shinshina, ta tone toka da sanda tana neman ƙaya, har hannun yarinyar ta kama da sunan duba lalle. Ba ta ga komai ba, rashin ganin kuwa ya ƙara tabbatar mata cewa da gwana take zaune. Ran nan dai ta amayar da abin, a gaban mai kawo madara.

"Ke Sawsan, in ke ci kifinki, ko kansa ki aje mini."

"Wane kifi, Inna?"

"Wanda nika ji kullum."

Sawsan ta ɗauki madarar ta koma madafa, hakan kuma ya fi baƙar magana ƙona wa Hajja rai.

Washegari bayan azahar, kamar kullum, Hajja ta kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan mai ruwa, ta kwanta tana barcin ƙarya, hancinta na wajen madafa. Warin ya taso. Tana shirin lallaɓawa ta kama mai laifi sai ta ji tas-tas a bayan gado. Soket ɗin bango ne ke tartsatsi, harshen wuta na bin waya zuwa labule. Ta kwarma salati, ta rarumo butar alwala.

Sawsan ta faɗo ɗakin ta fizge butar.

"Kada ki zuba ruwa, Inna, kahraba ce, wutar lantarki. Za ta biyo ruwan ta kama ki."

Ta ja tsohuwar waje, ta ruga zaure ta sauke makunnin mita. Sai da mukayyif ya yi tsit sannan ta ciko tasa da yashin tsakar gida, ta yi ta watsawa har wutar ta mutu.

Hajja ta shiga tana tari, ta sunkuya kan robar da ta narke. Warin ya daki hancinta, shi ne dai, wanda ta yi kwanaki tana nema a tukwanen yarinyar. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Da ta fito sai ta ga Sawsan sanye da tufafin fita, ga jaka an ɗaure tam a ƙofar ɗakinta.

"Ina zuwa?"

"Rufa'a, gidanmu. Motar la'asar nika jira."

Hajja ta dubi jakar. Ba ta taɓa ba na ƙasa da ita haƙuri ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba. Ta ja ƙafa ta je ta zauna daram a kan jakar.

"Gwiwata ka ciwo, ɗiyata," in ji ta. "Ba ni iya tashi yau."