Matuƙin da Ya Waiwaya

Da aka ba Kandin aikin sassaƙa yaƙin tafki a bangon sabon haikali, surukinsa Samap ya fi shi murna, don tsohon yana cikin waɗanda suka tuƙa jiragen ruwa ranar da aka kori mayaƙan ƙasar Cam a tafkin. Kullum sai ya zo ya zauna a inuwa yana ba da umarni.

"Yaro, ina ruwan? Kifi kawai nake gani."

"Baba, kifin shi ne ruwan. Haka ake yi."

"To waɗannan masu hula kamar an kifa fure?"

"Abokan gaba ke nan. Namu kai a buɗe, kunnuwa dogaye."

Samap ya bi layin matuƙan da kallo. Fuska ɗaya, kafaɗa ɗaya, duk sun fuskanci goshin jirgin da aka yi wa kan tsuntsu.

"Ni fa? Ka yi ni ƙato, ina tsaye da mashi."

Kandin ya sosa ƙeya. Girma a bango na sarakuna ne, in ya ƙara wa matuƙi ko da tsawon yatsa, shugaban masassaƙa zai sa a kankare. Ga shi kuma a gidan tsohon yake cin abinci.

Ana haka surukar Kandin, Panlas matar Samap, ta iso da shinkafa da gasasshen kifi a ganyen ayaba. Ta nuna wani mutum a jikin bangon da kada ya kama wa cinya a ƙarƙashin jirgin.

"Ai ga shi nan, an riga an sa shi."

"Ni kada bai taɓa ni ba!"

"Zanenka ya ɗauke. Da ganye ka shigo gari."

Masassaƙa suka yi ta dariya. Samap ya tashi, bai ko taɓa kifin ba. Abin ya tsaya wa Kandin a rai.

Akwai matuƙi na ƙarshe da bai fitar wa fuska ba. Ya juya masa kai baya, ya buɗe masa baki, ya bar giɓi a haƙoran gaba irin na Samap. Shugaban ya duba, ya ga bai fi sauran girma ba, ya wuce.

Da Samap ya gani, ya daɗe yana shafa dutsen.

"Daidai. Nan nake kiran jiragen baya su matso."

"Hanyar gida yake dubawa," in ji Panlas.

Bai kula ta ba. Ya tafi kasuwa kiran mutane su zo su gani.