Yatsu Biyu na Mai Gyaran Agogo

Wani ɗan ƙari ne ya fito wa mai gyaran agogo a wuyan hannun dama. Likita ya ce ba sai an sa shi barci ba, allura za a yi masa a hammata ta kashe jijiyoyin hannun gaba ɗaya. Ya yarda, har da cika wa matarsa baki cewa shi ido biyu za a yanka shi.

Tsoron a kan gadon tiyata ya fara. Yana jin hannunsa kwance a ƙirjinsa, sai ya waiga ya ga nas ta ɗaga wani hannu sama tana shafa masa magani. Har ya tausaya wa mai hannun. Sai da ya ga wani tsohon tabo a gwiwar hannun ya gane nasa ne.

Kafin a sallame shi ya tambayi likita yaushe hannun zai farka. Likita ya ce awa takwas zuwa goma, yawanci.

Kalmar ƙarshen nan ita ta hana shi sakat. Shekara ashirin da shida yana aiki da ita. Ita yake gaya wa mai agogon da ruwa ya shiga in ya tambaya ko zai gyaru, bayan ya buɗe ya ga tsatsa ta gama da cikin.

A gida ya zauna a falo, hannun rataye a wuya kamar na aro. Agogo bakwai ne a bango, duk shi ya saita su, babu wanda zai rage masa ko minti ɗaya. Takwas da kwata na safe aka yi allurar. Ƙarfe biyar ya tura matar ta dafa masa shayi, ya ɗauko hantsakin aikinsa da hagu ya yi ta tsikarar babban yatsa. Jini ya fito, bai ji komai ba. Ya tuna yayansa da ɓarin jikinsa ya shanye, yadda yake ɗaukar hannu da hannu ya ajiye a cinya. Ya duba, ashe shi ma haka ya yi yanzun nan.

Matar ta dawo ta ga jinin. "Baban yara, me ka yi wa kanka?"

Ya ce sauro ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin sauron da ke jera cizo biyar a layi ba.

Shida da rabi ƙaramin yatsa ya motsa, na kusa da shi ya biyo. Ta yi hamdala, ta ce ga shi nan yana dawowa. Waɗannan biyun a sana'arsa 'yan kallo ne. Babban yatsa da manuniya ke riƙe hantsaki, su kuwa ko gezau.

Ta kira asibiti. Nas ta ce wani lokaci jijiyoyin ba sa farkawa tare, a jira zuwa safe, in babu canji a dawo da shi.

"Tambaye ta, in an dawo da ni me za su yi?"

Matar ta tambaya, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ajiye wayar a hankali.

"Ta ce za su duba."