Tayar Bayan Malam Yoila

"Jama'a, ku zo ku ga aikin Ajimi!"

Malam Yoila ne, da ƙarfe bakwai na safe. Ya turo mashin ɗinsa daga zaure zuwa bakin ƙofa, ya kafe shi, ya durƙusa da ƙyar ya danna tayar baya da babban yatsa. Tayar ta lotsa. Sai ya ɗago kai ya dubi tsallaken layi, inda Ajimi mai faci yake jera ƙarafansa a gindin dogonyaro.

"Jiya na cika ta tam. Yau dube ta. Wai gwani ke nan!"

Ajimi ko ɗagowa bai yi ba. Ya ci gaba da zuba ruwa a bahon da yake gwada tub, robar cikin taya, ya ce, "Ka kawo in sa a ruwa. A gabanka, a gaban kowa. Wallahi bawul ne, ba facina ba."

"Hannunka ba zai ƙara taɓa min taya ba."

"To ka mutu da ita."

'Yan keke napep ɗin da ke jiran a sa musu iska suka tuntsire da dariya. Ai sun saba. Malam Yoila ya ɗauko famfonsa na hannu, ya taka gindin famfon, ya shiga bugawa yana ƙirgawa da ƙarfi don Ajimi ya ji, har arba'in. Ya sake danna tayar, ya goge sirdi da tsumma, ya mai da mashin zaure. Ba inda za shi. A Maiduguri wa ke hawa mashin?

Shekara goma sha biyu ke nan ana wannan abu a wannan layi na Gomari. Asalinsa kuwa ƙusa ce guda. Lokacin Malam Yoila yana akawu a sakatariya, ya taka ƙusa da mashin, ya kawo wa maƙwabcinsa faci. Ajimi ya kankare, ya shafa gam, ya liƙa, ya tsoma tub ɗin a ruwa har sau biyu, ko kumfa ɗaya bai gani ba. Washegari taya ta yi laushi, akawu ya makara aiki. Maimakon ya zo su yi magana kamar manya, sai ya tsaya a gaban 'yan acaɓa sun fi ashirin ya ce facin Ajimi na kwana ɗaya ne. Shi ke nan, suna ya zauna. Bayan mako guda gwamnati ta hana hawa mashin a gari, 'yan acaɓa suka watse, amma sunan bai watse ba. Har yau in baƙo ya tambayi mai faci, sai a ce masa, "Miƙe, za ka ga Facin Kwana Ɗaya a gindin bishiya."

Wannan suna yana ci wa Ajimi rai, ba kaɗan ba. Mutumin da ya koyi sana'a a Gamboru tun gemunsa bai fito ba, wanda facinsa ke zuwa Dikwa ya dawo lafiya! Abin da yake so bai fi minti biyar ba: a ba shi tub ɗin nan, ya tsoma a ruwa, mutane su ga inda iska ke fita. Yoila kuwa ya rantse ba zai ba shi ba. Kowa ya sayar da mashin ɗinsa, shi ya ƙi, wai za a ɗage dokar. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, haƙoransa suka fara zubewa, mashin yana nan a zaure an rufe shi da tsohon bargo. Kullum safiya sai ya fito da shi ya ba tayar iska, wai kada ta zauna a kan ƙarfe ta tsage. Ajimi dai ya san ba don tayar ake yi ba, don shi ake yi.

Cikin zafin watan Afrilu, wata Asabar, Malam Yoila ya buga famfo har goma sha ɗaya, sai ƙirgar ta tsaya. Ya saki famfon, ya zauna daɓas a kan rairayi yana haki, bakinsa a buɗe. Gana, wani ɗan keke mai yawan surutu, ya zabura zai tsallaka.

"Bar shi," in ji Ajimi. "Sabon salo ne."

Gana bai saurare shi ba. Ya kama tsohon ya shigar da shi gida, ya dawo ya tura mashin ɗin. Da ya dawo ya ce, "Baba, jikin mutumin nan sanyi ƙalau, ga gumi." Ajimi ya ce ya matso da kekensa, akwai mutane a bayansa.

Lahadi ƙofa ba ta buɗe da safe ba, Litinin ma haka. Ajimi ya kama kansa yana duban zauren nan in bakwai ta yi, abin ya ba shi haushi, ya huce a kan wata taya da ba ta yi masa komai ba.

Ranar Talata da hantsi sai ga Phebe, 'yar Malam Yoila, malamar firamare. A gaban idon Ajimi ta girma, amma rabon da ta tsallako layin nan tun tana 'yar sakandare. Ta ɗan rusuna.

"Baba Ajimi, ina kwana."

"Lafiya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi." Ta murza bakin gyalenta. "Baba ya aiko ni. Ya ce ka zo ka cire tayar. Ya ce ka shigo da bahonka har ɗaki, ka sa ta a ruwa a gaban gadonsa, ya gani da idonsa."

Murna ta kama Ajimi. Shekara goma sha biyu! Har hannunsa ya kai kan ƙarfen cire taya. Sai kuma ya tuna 'yan acaɓan nan ashirin da dariyarsu, ya janye hannun.

"A ɗaki? A'a. A titi ya zage ni, a titi za a wanke ni. Ya warke ya fito. A kawo masa kujera nan, a tara 'yan keke, sannan a sa a ruwa."

"Baba, ba ya iya tashi."

"To ya ƙoƙarta."

"Likita ya ce zuciyarsa ce ta kumbura."

"Ni ma ina da zuciya, Phebe."

Ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba. Ba ta ce masa sai an jima ba, ta juya.

Da azahar ta kusa, tagar ɗakin Malam Yoila da ke kallon titi ta buɗu kaɗan. Ba a ganin kowa, sai labule. Murya ta fito, siririya, tana rawa.

"Ajimi! Tsoro kake ji!"

Ajimi ya miƙe, ya ja igiyar injin iska. Injin ya ɗauka da ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Babu tayar da ke jiran iska, amma ya bar shi yana ƙugi har ya ga an ja tagar an rufe.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe goma, ihun Phebe ya cika layi. Kafin la'asar an kafa rumfa, an jera fararen kujerun roba, matan zumuntar coci sun zo da zannuwansu iri ɗaya suna waƙa a hankali. Ajimi ya wanke hannu ya tsallaka, don ba a ƙin gaisuwar mutuwa. Ya zauna a kujerar ƙarshe, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tashi. Gaskiyar magana, ba baƙin ciki ya ji ba, fushi ya ji. Mutumin nan ya ɓata masa suna, ya kuma tafi bai gyara ba. Ko a mutuwa sai da ya cuce shi.

Asabar da safe aka shirya kai gawa gida, wani ƙauye bayan Biu. Motar coci ce za ta ɗauki akwatin da dangi, kaya kuma a bayan a-kori-kurar Manasse, ɗan ƙanen mamacin. Sai ga Phebe ta turo mashin ɗin, tayar baya a shimfiɗe tana lanƙwashewa a rairayi. Ta jingina shi da bishiya, ta ajiye sabon tub a cikin kwalinsa a kan bencin Ajimi.

"Da shi za mu tafi. Ka sa wannan." Ba gaisuwa, ba Baba. "Da akwai wani mai faci a layin nan, da ban zo ba."

Ta koma. Ajimi ya kwance tayar. Ta yi tauri, gefenta duk ya tsattsage. Ya zaro tsohon tub ɗin, ga facinsa nan mai jan baki, kamar jiya ya liƙa shi. Gana da wasu 'yan keke huɗu suka matso, sun gane abin da za a yi.

"Ku tsaya nan," in ji Ajimi. "Kada wanda ya motsa. Yau za ku gani."

Ya ba tub ɗin iska har ya yi ɓul-ɓul, ya danna shi cikin baho, ya fara da bawul, bakin da ake sa iska. Ya jira. Ruwa shiru. Ya girgiza bawul ɗin, ya lanƙwasa shi hagu da dama, ko ɗigo. Ya juyo da facin ƙarƙashin ruwa, ya matsa da hannu biyu. Nan ma shiru, faci ya kama gam.

"Kun gani ko?" Muryarsa ta tashi. "Kun ga facin kwana ɗaya? Shekara goma sha biyu!"

Da ya tsaya a nan, da shi ke nan. Amma hannun mai sana'a ba ya barin tub sai ya zagaye shi. Ya ci gaba da juyawa, kamu ɗaya, kamu biyu. Sai ga kumfa 'yar mitsitsiya ta taso, wata ta biyo ta, a jere, a hankali. Ya ɗora yatsa a wurin, ya fito da tub ɗin, ya share ruwan, ya kai kusa da ido. 'Yan tsaga ne guda biyu, gefe da gefe, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba.

Babu mai faci a duniya da bai san wannan ba. Ba ƙusa ba ce, ba tsufa ba ne. Cizon ƙarfe ne. In an gama faci, an gwada a ruwa, an zo mai da taya kan ƙafar mashin, in mutum ya yi gaggawa sai bakin ƙarfensa ya matse tub ya cije shi. Bayan gwaji abin ke faruwa, shi ya sa ruwa bai nuna masa ba. A take ya tuna ranar: layin 'yan acaɓa, kowa na yi masa tsawa, shi kuma yana danna ƙarfe da gwiwa don ya sallami akawu.

"Baba, mene ne?" in ji Gana. "Roba ce ta tsufa ko?"

Ga hanya an ba shi. Da ya ce e, babu wanda zai musa.

"Ƙarfena ne," ya ce.

"Na'am?"

A daidai lokacin aka fito da akwatin, mata suka ɗaga waƙa, 'yan keken suka juya suna kallo, wasu suka cire hula. Ajimi ya tsallaka layin da jiƙaƙƙen tub a hannu, ruwa na ɗiga a wandonsa. Ya kutsa cikin mutane har ya kai ga Phebe, tana riƙe da hoton mahaifinta a ƙirji.

"Phebe. Babanki ya yi gaskiya. Ni na cije tub ɗin da ƙarfe. Ga shi, duba."

Ba ta duba ba. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe.

"Ranar Talata ya so ya ji wannan," ta ce. "Har yamma yana tambayata ko ka shigo. Ka sa sabon, Baba Ajimi, rana tana yi."

Ya tsaya riƙe da abinsa, mutane na ture shi ta ko'ina. Manasse ya zo wucewa, ya ga roba a hannun mai faci, ya ce, "Yauwa, Baba, dama ina neman abin ɗaure kaya." Ya karɓe tub ɗin, ya taka da ƙafa, ya sa wuƙa ya tsaga shi dogo-dogo. Ajimi yana kallo, bai hana ba.

Ya koma gindin bishiya ya sa sabon tub. Bai taɓa ƙarfe ba. Da tafin hannu da diddige ya mai da busasshiyar tayar nan, yana nishi, har fatar yatsunsa biyu ta saɓule. Ya ba ta iska, ya kara kunne, ya tofa yawu a bakin bawul ya jira. Sannan ya tura mashin ɗin da kansa zuwa bayan a-kori-kura. Samari suka ɗaga shi, Manasse ya ɗaure shi da robar tsohon tub ɗin tsakanin katifa da buhun tukwane.

Motar coci ta tashi a hankali, a-kori-kura ta bi ta, suka sha kwana wajen babban titi. Gana ya kira shi daga nesa, wai tayarsa ta gaba tana neman iska. Ajimi ko waiwayawa bai yi ba. Yana tsaye a tsakiyar layi yana duban ƙasa. Sawun tayar mashin ne a kan rairayi, siriri, daga gindin bishiya zuwa inda motar ta tsaya, bai fi taku goma sha biyar ba. Matan zumunta suka fara kwashe kujeru, suna bi ta kansa.