Auren Fiyar Baba

Fiyar tana bayan kicin ɗinmu, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Baba ne ya dasa ta. Mai aure ce, wato an ɗauko reshen wata fiya mai yawan 'ya'ya an haɗa shi a kan dashen ƙwallo, an ɗaure mahaɗin da leda. Ya ce shekara uku za ta fara haihuwa, in ta yi ƙarfi kuma sai ta ba da ɗari biyu a shekara, har mu gaji da rabo. Mama ta ce shi dai ya fara kawo guda ɗaya tukuna.

Da aka kwantar da shi a asibiti bai manta da ita ba. Ranar da na kai masa abinci ya ce min reshe biyu ne suka fito, in je in yanke na ƙasan ɗaurin. Shekarata goma sha ɗaya. Na je da wuƙar kicin. Ledar ta riga ta faɗi, ban ga wani ɗauri ba. Reshe ɗaya kore shar, mai kauri, ɗayan kuma siriri, ganyensa duk a yamutse. Na yanke siririn. Washegari ya tambaye ni, na ce na yi. Ya ce, “Yawwa, 'yar boko.” Bayan kwana tara ya rasu.

Shekara bakwai ke nan. Itacen ya wuce rufin gidan, ganye kawai yake zubarwa, ni nake sharewa kullum da safe. Tun ina aji uku na sakandare na gano abin da na yi, a wani littafin noma. Na rufe littafin, na mayar laburare, ban gaya wa kowa ba.

Bana Yaya yana son gina ɗaki a wurin, ya ce a sare ta. Mama ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta aika aka kira mai dashe, tsohon da Baba ya karɓo ta a wurinsa. Ya zagaya itacen, ya tsuguna, ya shafa wani tabo a gindin.

“Hajiya, ai wannan auren tun yana ɗanye aka kashe shi.”

Ya ce reshen kirkin aka yanke, uwar ce ta tashi, wato dashen ƙwallon. Za ta iya wuce shekara goma ba ta haihu ba, in ta haihu ma ƙwallo ya fi nama. Yaya ya yi dariya, ya ce ashe itace ma na zawarci. Mama ta tambayi wa ya yanke. Yaya ya ce ƙila Baba ne da kansa, tunda a lokacin idonsa ya fara rauni.

“Ni ce,” na ce.

Na jira in ji wani abu, kunya ko kuka. Ban ji komai ba, sai tsintsiyar da ke hannuna.

Mama ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta tambayi mai dashe ko ana sake aure. Ya ce ana yi, a sare ta daidai ƙugu, a sa sabon reshe, a jira shekara biyu ko uku. Yaya ya ce ɗakin fa?

“Ɗakin ya jira,” in ji Mama, ta shige kicin.

Mai dashe ya ɗauko zarto. Da ya gama, ya sa sabon reshe, ya miƙo min bakin leda in riƙe yana naɗawa, ya nuna min da yatsa: nan sama, nan ƙasa. Na ce to. Ranar ganyen da na share ya cika buhu huɗu.