Layin Bango

Tun yarinyar nan tana rarrafe Yayana ya laƙaba mata Dakta, sunan ya bi ta har na yankan ya ɓace. Ni gwaggonta ce, a gidansu nake zaune tun rasuwar mijina, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da ta gama firamare Yaya ya kai ta makarantar kuɗi, irin wadda tun daga ƙofa za ka ga hotunan ɗaliban da suka samu jami'a an jera, kowa da abin da zai karanta a ƙarƙashin haɓarsa. Ranar farko shugabar makarantar ta tara iyaye ta ce a nan ba a jiran ajin ƙarshe, daga aji ɗaya ake fara shirin jami'a. Yaya ya dawo gida bakinsa har kunne. Ya sa kafinta ya yi wa Dakta tebur, ya kwashe talabijin daga falo, zumunci ma ya soke shi. In na ce a bar yarinya ta sha iska, sai ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "Ke ba ki san yadda ake shiga likitanci ba." To, ban sani ba, sai na kama bakina.

Makarantar tana da wata al'ada da suke taƙama da ita. Duk ƙarshen mako malami zai cika allo da tambayoyi, yara su kwafa su amsa. Ran Litinin a sake zama, mai maki mafi yawa a gaba, a bi da bi har layi na ƙarshe, wanda suke kira layin bango. Iyaye sun daina tambayar me aka koya, sai dai a ina kake zaune. Kuma kowa ya sani, in ajin ƙarshe ya riske ka a layin bango, makaranta ba za ta yi maka rajistar jarrabawar jami'a da sunanta ba. Da haka suke bugun ƙirji wai ɗalibansu ba sa faɗuwa. Ai dole, wanda ba a bari ya hau ba ta ina zai faɗo?

Shekara uku Dakta tana layi na biyu, wani lokaci ta leƙa na farko. A aji huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita, gwajin makon ya wuce ta, aka ba ta sifili. Da ta koma sai ta tarar da kujerarta can tsakiya. Yaya ya ce ba komai, mako ɗaya ne za ta dawo. Mako ya zo, ta ƙara matsawa baya.

Daga nan gidan ya canza. Aka ɗauko malamin lesin, yana zuwa da yamma. Shi kam yabonta yake yi, ya ce duk abin da ya ba ta a takarda tana yi daidai. Yaya ya ce ƙarya yake don kada a sallame shi, ya sallame shi, ya kawo wani. In ka leƙa ɗakinta za ka same ta ta kifa kai a kan littafi, hancinta kamar zai taɓa takarda. Uwarta har nuna wa baƙi take yi, wai ku ga naci.

Sau ɗaya ta yi magana. Muna cin abinci ta ce, "Baba, rubutun allon nan ba ya fita sosai daga inda nake."

Ya ajiye cokali. "To wa ya kai ki inda kike? Ki dawo gaba mana, ki ga ko zai fita."

Ashe ta gaya wa malamin ajinsu ma, ta roƙe shi ya matso da ita. Ya yi dariya ya ce duk na baya haka suke cewa, kujerar gaba ba a roƙonta, cin ta ake yi. 'Yan aji suka ɗauki maganar suna tsokanarta da ita. Ba ta sake faɗa wa kowa ba.

A aji biyar ta rame, ta daina hira. Da can in ta dawo sai ta zube a ɗakina tana ba ni labarin malamai har in kore ta. Yanzu sai ta wuce ni daga nesa a tsakar gida ba gaisuwa, ni kuma in zage ta in ce boko ya sa ta raina mutane. Yaya ya daina kiranta Dakta, ya koma cewa "ke". Ran Litinin in ta shigo ba ya ɗaga kai daga jarida, sai dai ya ce, "Nawa?" Ta faɗi layin, ya juya shafi. Tausayinta ya kama ni, amma gidan ba nawa ba ne.

Ajin ƙarshe ya same ta a jikin bango. Aka aiko a kira uba, ya ce in raka shi don uwar ta ce ba za ta iya ba. Bayan an tashi shugabar ta kai mu ajin da kanta, wai mu gani da idonmu. Ga Dakta ita kaɗai a kujerarta ta lungu, jakarta a cinya, allon cike da tambayoyin gwajin ranar ba a goge ba.

Shugabar ta yi magana a hankali, irin ta wanda ya saba. Ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, sunayen masu jarrabawa sun riga sun tafi, yarinya tana iya gwadawa baɗi daga waje.

Yaya bai kalle ta ba, 'yarsa yake kallo, ya ce mata, "Shekara shida. Tambayar farko ma, karanta min ita in ji abin da ya gagare ki."

Dakta ta ƙanƙance ido. Ta miƙe, ta tako gaba, ta tsaya, ta sake ƙanƙancewa. Ta wuce layi, ta wuce wani, tana dafa tebura kamar mai tsallaka ruwa. Sai da ta zo layi na biyu, daidai tsohuwar kujerarta, sannan ta fara karantawa. Ta karanta tambayar tsaf, ta faɗi amsar ba tare da an tambaye ta ba.

Ni da ban yi boko mai zurfi ba na gane, balle su. Na tuna gaisuwar da na yi ta zagin ta a kai, ashe fuskata ce ba ta rarrabewa daga nesa.

Yaya ya cire gilashinsa. Tun yana saurayi yake sa shi, mahaifinmu ma da shi ya rasu. Ya kama hannunta ya mayar da ita lungun, ya sa mata shi da hannunsa, gilashin ya yi mata yawa har tana tallafe shi da yatsa. Ta ɗaga kai ta dubi allon. Ta daɗe tana kallo, leɓenta yana motsi, tana bin layi bayan layi har ƙasa.

Ya juya wajen shugabar. Ban taɓa jin Yayana ya roƙi mutum ba sai ranar. "Ranki ya daɗe, kin dai gani. A taimaka."

"Na gani," in ji ta. "Abin ba daɗi. Amma an rufe rajista, kuma in na buɗe wa ɗaya, gobe duk 'yan bango za su zo min da gilashi." Ta dubi agogonta.

Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na ji Dakta ta ja gefen mayafina. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ta yi da ya fi min sauƙi. Tana kallon allo, ta kalli taga, ta kalli uban da ke tsaye yana lalube da ido.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "dama haka kowa yake gani?"